Man Gyaɗa a Motar Babanku

Tun da babanku ya rasu wata magana take yawo a tsakaninku. Ta tashi daga unguwar Madagaskar ta sauka unguwar Nkomkana, har ta hau jirgin ƙasa ta kai Garwa ta dawo da ƙiba. Wai ni na riƙe shi a Yawunde, ni na sa masa magana a baki, da ba don ni ba da yanzu yana kwance kusa da iyayensa. Ba wanda ya faɗa mini a gaban idona, amma katangar unguwarmu ta Birik ba ta da kauri, kuma gwiwata ce ta tsufa, ba kunnena ba. Na yi fushi, na huce. Sai dai ba na so in bi shi in bar ku da rabin labari, shi ya sa zan faɗa muku abin da ya faru a daminar da aka so mayar da shi Garwa, kuma dole in fara da jar motar da ke saman sif ɗina, wadda kuke hana 'ya'yanku taɓawa kamar ta aljanu.

Kun san babanku direban tirela ne tun kafin a haife ku. Duwala, Ngaundere, Garwa, har Njamena, ya fi sanin ramukan hanyar nan da kwanukan gidansa. Da ido ya fara raguwa ya ajiye tuƙi, sai zaman gida ya zame masa ciwo, mutumin da ya saba da ƙarar inji ga shi ya wuni yana jin ƙarar turmi. Wata rana ya tafi unguwar Elig-Edzoa duba wani abokinsa, ya dawo da kwali a hammata yana raɓe-raɓe a jikin bango. A shagon birokanti ya samo ta, irin shagunan nan da ake jibge tarkacen da Turawa suka gaji da su. Mota ce ja, tsawonta bai wuce daga gwiwar hannu zuwa yatsa ba, tayoyinta masu kaushi, ga abin tuƙinta daban da ake riƙewa a hannu, da ɗan sitiyari a gefe da kunamar ba da wuta a ƙasa.

Na ce, "Alhaji, wane jikan aka saya wa?"

Ya ce, "Jikan kakana."

Daga ranar, in hantsi ya yi sai ya sa wa ƙofar gida sakata, ya zauna kan kujerarsa, ya riƙa zagaya turmi da randa da motar nan, har ribas yake yi tsakanin bokitai kamar zai shiga da kaya cikin tashar jirgin ruwa. In aka ƙwanƙwasa ƙofa ya tura ta ƙarƙashin kujera ya ɗauko tasbaha. Ni dai ina tsince shinkafa ina dariya. Na sha ce masa girma ya faɗi, shi kuma ya ce ai ba a gaban kowa ya faɗi ba.

Ana haka hawan jini ya kayar da shi a bakin famfo yana alwalar azahar. Ya dawo daga asibiti ɓarin dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Ku lura da wannan, domin nan ne bakin zaren: babanku bai zama bebe ba. Maganar tana nan, fitowarta ce ke da wuya, sai ya ja kalma ɗaya yana gumi kafin ta biyu ta biyo baya. Mu kuwa tausayi ya hana mu jira. In ya ce "ru…" na riga na miƙa ruwa. In ya ce "sal…" 'yata Habiba ta riga ta shimfiɗa darduma. Masu zuwa dubiya su ma haka, da ya buɗe baki sai su ce, "Eh Alhaji, sai godiya, Allah ya ƙara sauƙi," su rufe masa zancen da addu'a. Ni ce ma gwana a cikinsu, na zauna da shi tun ina yarinya, na san abin da yake so kafin shi ya sani. A hankali ya bar ƙoƙarin. Kafin ruwan sama ya kankama babanku ya daina magana ɗungurum, sai kai da ido da sandarsa.

A cikin kwanakin nan Ɗanjuma mai soya, wato tsire, wanda tukubarsa ke bakin layinmu, ya shigo dubiya. Aminin babanku ne, shi kaɗai ya san da motar a duk unguwa. Wuta ta yi kwanaki tana wasa da mu, sai ya ce bari ya tafi da ita ya caja batirin a wajensa, ko Alhaji ya ga tana gudu ransa ya yi sanyi. Ya ajiye ta a rumfarsa har tsawon mako, shi da masu sayen nama suna ta korar ta cikin jar ƙasar bakin titi. Da ya dawo da ita fuskarsa har sheƙi take.

Ya ce, "Alhaji, na ji tana ɗan kuka ta baya, na shayar da ita mai. Na gyaɗa ne mai kyau, wanda nake shafa wa nama."

Babanku ya rufe ido ya daɗe bai buɗe ba. Ni ban ga laifin Ɗanjuma ba, har godiya na yi masa. A gidanmu duk abin da ya yi ƙara man gyaɗa ake ba shi, ƙyaure ne, injin markaɗe ne, almakashi ne. Na mayar da motar saman sif na manta da ita.

Sai maganar tafiya ta taso. Yayanku, ɗana na fari, wanda kun san bakina ba ya kama sunansa, shi ya kawo ta. Kuma ba da mugun nufi ba, wannan ku rubuta ku ajiye. Ya ga tudun layinmu, ya ga kwatar da ake tsallakewa kafin a kai titi, ya ga bayana ya fara ciwo da ɗaga mutum. Ya yi waya da Baffa Hamadu, ƙanen babanku da ke Garwa, suka shirya a mayar da shi babban gida, inda akwai fili da samari masu ƙarfi da 'yan'uwa. Ya durƙusa gaban mahaifinsa ya yi masa bayani tiryan-tiryan. Babanku ya kalli bango. Yayanku ya jira kaɗan, ya ce to alhamdu lillahi, tun da Baba bai ce a'a ba. Aka tsayar cewa Baffa zai zo ranar wata Juma'a, a yi sallama da unguwa, su kama jirgin Ngaundere. Ni ba na son tafiyar, ban ɓoye wa kaina ba. Amma ba nawa ra'ayin ne ya dame ni ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ban san nasa ba, ni da nake taƙamar na san cikinsa. Za a ɗauke mutum daga gidan da ya gina da guminsa, kuma ba wanda ya ji daga bakinsa ko yana so.

Ana haɗa kaya yayanku ya sauko da motar. Ya sa batir, ya ja kunama. Ta yi wani nishi, ta karkaɗa, ba ta motsa ba. Sai ga kiyashi suna fitowa daga ƙarƙashinta a jere. Ya yi dariya, ya ce da Faransancinku, "C'est fini," ta mutu, ya ɗora ta kan tulin tarkacen da za a ba masu bola. Na ga idon babanku ya bi ta har inda ta sauka. Ni kuma, gaskiyar Allah, ba tausayi ne ya fara kama ni ba, mamaki ne. Me kiyashi ke nema a cikin mota? Me ke cikinta ma tukuna? Na auri direba, na wanke rigunan da suka sha baƙin mai har hannuna ya yi kanta, amma ban taɓa leƙa cikin ko da keke ba.

Washegari da hantsi, gida ba kowa sai mu biyu, na ɗauko ta na ajiye kan tabarma a gabansa, na ɗauko tsohuwar jakarsa ta kayan aiki.

Na ce, "Alhaji, ni fa sai na ga abin da ke cikin nan. In ka nuna mini to, in ba ka nuna ba da taɓarya zan buɗe ta."

Ya dube ni. Ya miƙa sanda ya taɓa batirin. Na cire. Ya taɓa wasu 'yan ƙarafa masu kama da fil ɗin ɗankwali, na zare su, jar gangar jikin ta ɗago gaba ɗaya kamar murfin kwano. Daga nan muka kama hanya, shi da sanda, ni da turnabis, abin kwance ƙusa. Na cire tayoyin baya. Duk ƙusar da na kwance sai ya sa hannun hagu ya jera ta kan faifai yadda ta fito, ta farko a farko, in na jefa ɗaya ko'ina ya buga sanda a ƙasa. Ashe haka suke yi a kan buhu in mota ta lalace musu a daji, don kada wajen mayarwa a rasa wadda ta riga wata. A tsakanin tayoyin baya akwai wani ɗan baƙin akwati, akwai irinsa kuma a gaba. Na sha jin direbobi suna cewa bwat, bwat, a zauren gidan nan, ranar na gan shi da idona.

Da na raba murfinsa biyu wari ya buge ni, warin tsohon mai da ya yi tsami. Man Ɗanjuma ya haɗu da jar ƙasar Yawunde da tsohon giris, ya zama wani danƙo mai kama da ƙanzon tukunya. Har da garin yaji a ciki, wallahi na shinshina na ji. Ga zaren teloli, wanda iska ke kwasowa daga shagunan layi, ya nannaɗe a jikin sandar taya, ja da kore da ruwan gwal. Ga gawar kiyashi ba iyaka. A cikin wannan ƙazanta kuwa wasu 'yan faya-fayai ne masu haƙora, pinyo a bakin direbobi, kowane haƙoransa sun shiga na ɗan'uwansa, amma danƙo ya cike tsakaninsu har ba sa iya juyawa. Sai a lokacin na gane kukan da Ɗanjuma ya ji da nishin da yayanku ya ji. Ba mutuwa ta yi ba, shaƙe ta aka yi da alheri.

Na aika aka sayo mini fetur a kwalba wajen masu babur, don na san da shi makanikai ke wanke hannu. Babanku ya sa sanda ya ture kwalbar can gefe. Ya ware pinyo kashi biyu da yatsa, na ƙarfe daban, na farar roba daban. Ya nuna fitilarmu ta kananzir, ya nuna na ƙarfen. Ya nuna bahon wanke-wanke da sabulu da butar ruwan ɗumi, ya nuna na robar. Na ce me ya sa? Ya kau da kai. To ni ba a yi mini haka. Na ɗauko irin farin farantin nan mara nauyi da ake zuba abincin biki, na ɗiga masa fetur. Ina kallo ya narke ya huje. Na dubi farantin, na dubi 'yan haƙoran robar, na ce, "Au, ashe." Gefen bakinsa na hagu ya ɗan motsa.

Aikin ya ci mana safiya da yawa, don ba ya yarda a yi gaggawa. Na fara kankare danƙon da tsinken sakace, haƙori bayan haƙori. Na jiƙa na ƙarfen a kananzir cikin gwangwanin tumatir, na goge da tsohon buroshin haƙori har kananzir ya koma ja, na zubar na sake. Na robar na wanke su da ruwan ɗumi da sabulu kamar kofunan baƙi, na ɗauraye. Zaren teloli na yanke da reza na warware. Akwai wasu 'yan zobba masu ƙananan ƙwallaye a ciki, su ya hana ruwa ya taɓa ko kaɗan, sai kananzir, a girgiza, a tsane. Komai sai ya bushe ƙarau a inuwa kan tsumma mai tsabta, kuma damina ce, sai mu shanya hadari ya taso in kwashe da gudu. Habiba ta zo daga Madagaskar ta same ni zaune da buroshi da gwangwani, ta ce, "Inna, jibi-jibi Baffa zai zo, ke kina nan kina wasa?" Na ce mata ta je ta duba miya.

A tsakiyar bwat ɗin akwai wata 'yar dunƙulalliyar aba kamar goro, ita ma da nata ƙananan pinyo a ciki, sandunan tayoyin biyu a jikinta suke shiga. Bayan na wanke ta na mayar, na soka sandunan, na sa tayoyin don in gwada. Na juya ta dama gaba. Sai ta hagu ta juya baya. Na sake, haka dai. Na juya ta hagu, ta dama ta yi baya.

Na ce, "Shi ke nan, na ɓata. Na mayar da wani abu a juye."

Ya girgiza kai.

"To in ban ɓata ba, wace irin mota ce ƙafa ɗaya na gaba ɗaya na baya? Ina za ta?"

Ya ɗaga hannun hagu ya zana wani abu a iska. Ban gane ba. Ya ja sanda a ƙasa ya yi baka. Ban gane ba. Ya nuna turmi, ya nuna taya, ya sake nuna turmi. Na ce ni fa ban ga haɗin turmi da taya ba. Ya yi tsaki, ransa ya ɓaci, jijiyar wuyansa ta tashi. Sai na ga leɓensa yana rawa.

"In…" ya ce. "In mo… mota…"

Na buɗe baki in ƙarasa masa, yadda na saba. Ban sami abin da zan ƙarasa da shi ba. Ruwa na sani, salla na sani, ciwon kafaɗa na sani, amma wannan ban san inda zancen ya nufa ba ko kaɗan. Dole na rufe bakina na zauna ina kallonsa, kuma ba don ladabi ba, don ina son amsar.

"In mota… za ta sha kwana," ya tsaya ya haɗiye yawu, "tayar waje… hanyarta… ta fi tsawo. Ta ciki… gajeriya. In ka ɗaure su… tare… ɗaya sai ta… ja ƙasa. Wannan… shi ke barin… kowace… ta yi tafiyarta."

Ya gama yana haki, gumi har gemu. Ni kuwa hankalina na kan tayar. Na juya abin a raina, sai na tuna Makka.

Na ce, "Kamar ɗawafi ke nan? Na kusa da Ɗaki taku kaɗan ya zagayo, na can baya sai ya yi ta tafiya, amma zagaye ɗaya suka yi?"

Ya ce, "Haka… ne. Motoboi… ta fara… hankali."

Motoboi shi ne yaron mota a bakin mutanen kudu. Na yi dariya har na kusa kifar da kananzir, ina cikin dariyar hawaye suka zo. A nan na gane abin da muka yi masa. Ba ciwo ne kaɗai ya rufe masa baki ba, mu ne da saurinmu. Daga ranar na koyi cije harshena. In ya ce "ru…" sai in tsaya da kofin a hannu har ya ce "ruwa". Wani lokacin ma ba ruwan yake so ba, rufe taga yake nufi, watanni ina ɗura masa ruwa yana sha don kada ya ba ni kunya.

Wajen mayarwa da baki ya jagorance ni. Akwai ɗan gwangwanin farin giris a jakarsa, wanda ya zo tare da motar. Na lakato da yawa zan cusa, ya ce, "Ba… miya… ba ce." Kaɗan ake shafawa a kan haƙoran da tsinke, a juya su su raba wa juna, don in ya yi yawa shi ne ke kiran ƙasa. 'Yan zobban kuma ɗigo ɗaya ɗaya na man keken ɗinki, wanda na roƙo wajen telan ƙofar gida. Na bi ƙusoshin kan faifai daga ta ƙarshe zuwa ta farko, ba wadda ta yi saura. Abin tuƙin hannu biyu yake so, shi kuma ɗaya ya rage masa, sai na riƙe ina jan kunama, shi yana murza sitiyari da hagu. Ta tashi sumul, ba kuka ba nishi, ta zagaya turmi ta dawo ta tsaya a ƙafarsa. Ya karkata kai yana saurare.

Ya ce, "Akwai… ƙara… a gaba."

Na ce ni ban ji komai ba. Ya ce kunnen motoboi ne. Na ce to mu buɗe na gaban yanzu, ga kananzir ya rage. Ya ce gobe.

Ban tambaye shi maganar Garwa ba. Wannan ita ce gaɓar da nake so ku riƙe. Na so in tambaya, sau da yawa maganar ta zo bakina, amma na ji tsoron in ya ga fuskata zai faɗi abin da nake so ne ba abin da yake so ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka zauna a falo, Baffa Hamadu da yayanku da ƙanensa Sale, babanku a kujerarsa. Na kawo shayi na koma bakin ƙofa bayan labule. Baffa ya yi addu'a, ya yi magana mai daɗi da Hausa yana haɗawa da Fillanci, ya ce ɗaki na nan an share, ƙasa tana kiran ɗanta. Ya ce, "Yaya, in akwai magana ka faɗa, in babu mu ɗauki shirunka." Sai na ji numfashin nan da na riga na sani.

"Ni…" in ji babanku. "Ni ba…"

Yayanku ya matso da sauri, ya ce, "Eh Baba, mun sani, ba ka son ka wahalar da kowa. Ba wahala ba ce, mun riga mun…"

Ban san lokacin da na ɗaga labulen ba. Na kira sunansa. Sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa masa shi, na kira shi gatsau a gaban baffansa da ƙanensa.

Na ce, "Ka bari ya gama."

Yayanku ya dube ni kamar wata baƙuwa ce ta shigo. Na ga kunya ta rufe shi har wuya, amma ban koma ba. Muka jira. Baffa ya ajiye kofinsa. Babanku ya ɗauki lokacinsa.

"Ni ba… na zuwa. Nan… ne gidana. Kuma… muna da aiki. Saura… bwat ɗin… gaba."

Baffa ya ce wane bwat? Sale ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Yayanku bai yi dariya ba. Ya tashi ya durƙusa ya ce, "To Baba," ya fita bai dube ni ba.

Abin ya ci mini da yawa, ba zan ce bai ci ba. Baffa ya koma bai taɓa abincin da na dafa masa ba, ya kai labari Garwa cewa matar Yaya ta shiga zancen maza. Yayanku ya daɗe bai tako gidan nan da rana ba in ina nan, magani ma ta hannun matarsa yake aikowa, har yau in mun gaisa akwai wani ɗan sanyi a tsakani, kuma na san ni na jawo. Na bar rumfata ta turaren wuta a kasuwar Mokolo. Bayan nan nawa da kuke gani a lanƙwashe a shekarun nan ya lanƙwashe. Amma babanku ya yi sauran kwanakinsa yana magana. Ya koma zama a ƙofar gida, ba sakata ba ɓoyo, ina ba da wuta yana tuƙi, teloli suna leƙowa. Ya yi wa Ɗanjuma faɗan man gyaɗa da bakinsa, faɗan da ya ɗauki rabin yamma, Ɗanjuma na tsaye da wuƙar nama a hannu bai katse shi ko sau ɗaya ba. Duk ƙarshen damina muna buɗe bwat ɗin baya mu wanke. Na gaban kuwa, duk ranar da na ɗauko turnabis sai ya ce akwai hadari, ko kafaɗarsa na ciwo, ko gobe. In wani daga Garwa ya sake tayar da zancen tafiya a waya, sai ya ce a ba shi, ya ce musu aiki bai ƙare ba.

Da na fita takaba, wata safiya na sauko da motar, na shimfiɗa tabarma, na kawo faifai da gwangwanin kananzir da buroshi. Na ce bari in ƙarasa masa aikinsa, in kuma ga ƙarar nan da ya yi shekaru yana ji ni ban ji ba. Na cire tayoyin gaba, na jera ƙusoshi, na raba murfin.

Tas yake. Farin giris ɗinsa na asali yana nan a kan haƙoran, ba ƙasa, ba zare, ba kiyashi ko ɗaya. Man Ɗanjuma bai taɓa kaiwa can ba. Mutumin da ke gane ciwon tirela daga ƙararta tun tana bayan tudu ba zai kasa sanin wannan ba. Ya sani tun ranar da ta fara zagaya turmi, tun kafin Baffa ya hau jirgi, ya ajiye abinsa bai gaya ko mini ba.

To ga shi, ku da kuke cewa ni na sa masa magana a baki. Ni kaina sai da ya mutu na san ya yi mini wayo. Na zauna kan tabarmar nan da murfin a hannu na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi. Da na gama na mayar da murfin, na bi ƙusoshin daga ta ƙarshe zuwa ta farko, ban wanke komai ba. Kananzir ɗin na juye shi a fitila.